Kasaken Gwaggo da Rairayin Tsakar Gida

Akwai abin da mutum ke roƙon Allah Ya mantar da shi, akwai kuma wanda ya san ko ya roƙa ba zai tafi ba. Nawa shi ne kasake sittin na turaren wuta da na naɗe da hannuna na tura Legas. Shekaru sun shuɗe, na yi aure, na haihu, ina koyarwa, amma har yau idan na ɗauki kwali na ji wani abu ya motsa a ciki, sai gabana ya faɗi. Wannan ba zai bar zuciyata ba har ranar da zan koma ga Mahaliccina.

A lokacin ina shekara ta biyu a kwalejin horar da malamai, ina zaune a cikin garin Daura wajen Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni tun ina 'yar shekara shida. Gwaggo maginiya ce. A wajen uwarta ta gaji ginin tukwane, ita ma uwar a wajen tata uwar. Da can tana gina tulu da randa da tukunyar tuwo, amma roba da ƙarfe suka cinye kasuwar, har ya zama abin da ya rage mata shi ne kaskon turaren wuta. Nata ba irin na kowa ba ne. Ƙafafu uku gare shi, da murfi mai huji-huji, ga zane a wuya da take yi da tsinke, kuma idan ta fitar da shi daga wuta da zafinsa sai ta yayyafa masa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ya yi baƙi yana sheƙi. Duk da haka sai a yi wata guda ba a zo neman ko biyar ba, domin amare sun koma na lantarki.

A bayan gidanmu akwai wani ɗan fili inda take gasa su. Wannan filin ne ɗanta ya sa wa ido. Shi kaɗai Allah Ya ba ta, ina ce masa Yaya, kuma taubashina ne, don haka bakinsa ba ya hutawa a kaina. Yana fataucin awaki a kasuwar Mai'adua. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan. Yana ganin uwarsa tana tari saboda hayaƙi, bayanta ya ranƙwafa, ga ribar ba ta taka kara ta karya ba. Burinsa ya gina shago a filin ya ba da haya, ita kuma ta huta. Gwaggo ba ta son wannan hutun. Kullum amsarta ɗaya ce, wai ranar da hannunta ya daina taɓa yumɓu, a fara nemo mata likkafani.

Ni ce na kawo maganar intanet. Wata 'yar ajinmu tana sayar da mayafai a wata babbar kasuwa ta waya, ta nuna mini yadda abin yake. Kai dai ka tura kayanka sitonsu na Legas, su ajiye, duk wanda ya saya su kai masa har gida. Da na duba na ga ana sayar da kasaken ƙasar waje waɗanda ko kusa ba su kai na Gwaggo kyau ba. Na yi kwana uku ina juya maganar a raina kafin na iya furta ta, domin ni mutum ce da ko a aji ba na ɗaga hannu, ko da na san amsa. Ranar da na faɗa, Yaya yana zaune yana shan fura. Ya ajiye ludayi ya dube ni.

"Farfesa ta yi magana. Inna, kin ji? Kaskonki zai shiga waya."

"Bar ta ta ƙarasa," in ji Gwaggo.

Na ƙarasa. Yaya ya ce ya yarda da abu ɗaya. Idan mutanen Legas suka karɓa suka saya, ya bar mata filin har abada, ba zai sake ɗaga maganar ba. Idan kuwa abin ya ƙi, kafin damina ta yi nisa zai zuba bulo. Gwaggo ta ce ta ji. Ban taɓa ganin ta amince da sharaɗi a kan sana'arta ba sai ranar, kuma na san ba intanet ta yarda da shi ba, ni ta yarda da ni.

Na shimfiɗa farin mayafina na ɗauki hotunan kasake uku, na cike duk abin da aka ce a cike, bayan mako biyu suka amsa cewa in turo sittin. Suka haɗo da takardar ƙa'idojin naɗe kaya masu fashewa, shafi goma sha ɗaya, duk da Turanci. Na je shagon kwamfuta aka buga mini, na zauna na fassara ta layi-layi a cikin littafin rubutuna, na ja wa kowace ƙa'ida jan layi. Kowane kasko sai an naɗe shi da ledar nan mai ƙurajen iska ninki biyu. Kowanne da ɗan kwalinsa, da takardar lamba mai layi-layi a gefe. Goma sha biyu a cikin babban kwali ɗaya. An hana cusa ciyawa ko dusar katako ko wani abu na gona. Sannan ƙa'ida ta ƙarshe, wadda na fi alfahari da ita: kafin a rufe kaya, a gwada ɗaya. A ɗaga kwalin zuwa tsayin da suka faɗa, a sake shi ƙasa ta kowace fuska, a buɗe a duba. Idan bai fashe ba, naɗin ya yi.

Gwaggo kuwa ta shiga aiki kamar wadda aka mayar wa ƙuruciya. Bazara ce, rana tana dukan ƙasa, amma da asuba ta riga ta jiƙa yumɓu, tana takawa da ƙafa tana 'yar waƙarta. Ta gina saba'in don kada wuta ta ci wasu. Da aka gasa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da farce tana kai kunne. Wanda ya yi ƙara siririya ta ajiye dama, wanda muryarsa ta dushe ta ajiye hagu. Sittin da uku suka tsira. Ta jera su a tsakar gida, baƙaƙe sumul, maƙwabta suna leƙowa suna sa albarka.

A nan ya kamata in yi maganar tsakar gidanmu, domin a kanta komai ya rataya. Gidan maginiya ba a yi masa daɓe, ba a kuma yi masa siminti. Duk shekara Gwaggo takan sa a kawo mata rairayi mai laushi a amalanke, a baza shi ya yi kauri har ƙafa tana nutsewa, don idan tukunya ta suɓuce daga hannu ta faɗi a kan taushi. A kan wannan rairayin na yi wasa, a kansa na koyi karatu. A wurina shi ne ƙasa. Ban taɓa tunanin akwai bambanci tsakaninsa da ƙasar da wanda ya rubuta takardar yake nufi ba, shi ma bai faɗa ba, don na tabbata a duniyarsa ƙasa siminti ce.

Ranar gwaji na aro tef ɗin awo a wajen wata tela maƙwabciyarmu. Na naɗe kasko ɗaya yadda aka ce, na sa a kwali, na manne da salatif. Na auna tsayin a jikin bango na yi alama da gawayi. Yaya ya zo wucewa ya tsaya kallo.

"Yau kuma me ake karantawa? Inna ta yi wata biyu tana gini, ke kin zo jifa?"

"Gwaji ne, Yaya. Haka takarda ta ce."

"To Allah Ya ba takarda lafiya."

Na ɗaga kwalin daidai alamar na sake shi. Ya faɗi dim a kan rairayi. Gwaggo tana zaune a bakin ɗakinta, na ga ta runtse ido ta kau da kai. Na juya shi ta wata fuskar na ƙara sakinsa, har sau shida, kowanne ina rubutawa a littafi. Da na buɗe, kaskon yana nan garau, ko ƙwarzane babu. Na ɗaga shi sama. Yaya ya tafa, ya ce lallai boko ya yi rana. Gwaggo ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta dubi kwalin, ta dubi ƙasa, ta dubi littafin da ke hannuna, sai ta ce, "Madalla." Ban kula da wannan kallon ba sai daga baya.

Kwana huɗu na yi ina naɗi. Ledar daga Kano aka sayo mini, kwalayen kuma sun ɗan fi kasaken girma, don ba a samu daidai su ba. Na auna ninki biyu, ba ƙari ba ragi. Kowace takardar lamba na manna ta a miƙe, na shafe ta da gefen cokali don kada ta yi kumburi. Da na gama babban kwali na farko, Gwaggo ta zo ta ɗaga shi, ta kai kunne, ta ɗan girgiza. Aka ji wani ɗan ƙwas-ƙwas a ciki.

"'Yar nan, kayanki suna magana."

"Ba komai, Gwaggo, ai na gwada."

"Kayan da ke magana a hanya ba sa isa gida. Tukunya ba nauyi ke kashe ta ba, motsi ne. Mu da muke kai su kasuwar Babban Mutum a kan jaki, ƙaiƙayi muke dannawa har sai sun yi shiru."

Na buɗe littafina na karanta mata ƙa'idar da ta hana abin gona. Ta saurara har na gama, ta ce, "To, su suka san sitonsu." Ta koma ɗaki. Na ji daɗi a raina cewa na yi nasara, Allah Ya yafe mini.

Ranar ƙarshe takardun lamba na babban kwali suka ƙare, na tafi shagon kwamfuta, na tarar ba wuta, na jira har bayan la'asar. Da na dawo na ga kwali na biyar, wanda na bari a buɗe, an rufe shi an manne da salatif a karkace. Ga ɓurɓushin ƙaiƙayin gero a ƙasa, an share amma bai sharu ba. Na ɗaga shi. Ya fi sauran nauyi, kuma shiru, kamar na ɗauki dutse. Gwaggo tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na san abin da ta yi, na kuma san takarda ta hana. Da na buɗe baki da an gyara a ranar. Amma yaya zan kwance abin da Gwaggo ta ɗaure, a gabanta, a gidanta? Na manna lambar na yi shiru.

Washegari Yaya ya kai ni tasha da kayan. Wani direba abokinsa zai sauke su a Kano wajen masu jigilar kaya zuwa Legas. Na nuna wa direban hoton kofin gilashi da na manna a kowace fuska, na ce masu fashewa ne.

"Ƙanwata, kwantar da hankalinki," in ji direban. "Ni da nake kai ƙwai Kano?"

Ina tsaye aka ɗora buhu biyu a kan kwalayen, aka ja igiya aka taka da ƙafa aka ɗaure. Na so in yi magana, maza sun cika wurin, na haɗiye.

Kwana tara bayan nan, ina zaune a ɗakin karatu na kwaleji da hantsi, saƙo daga siton Legas ya shigo wayata da hotuna. Na buɗe na farko. Wani hannu ne sanye da safar roba yana riƙe da ledar da na naɗa ninki biyu, a cikinta baƙin tsingaro. Na biyu, murfi ya rabu uku. Na uku, ƙafafun kasake zube a ƙasan kwali kamar haƙoran da aka cire. A kwalaye huɗun da na naɗe, 'yan kaɗan ne suka kai da rai, su ma yawanci da tsaga. Kwali na biyar kuwa, sun rubuta cewa goma sha biyun duk lafiyarsu ƙalau, amma an same su cikin abin gona da ƙananan ƙwarin hatsi, don haka ba za su shiga sito ba. Sun ƙi karɓar kayan gaba ɗaya. Suna tambaya in zaɓa, a dawo mini da su ko a zubar.

Ban yi kuka a wurin ba. Na rufe littafin da ke gabana, na mayar da shi inda na ɗauko, na taka da ƙafa har gida. Abin da ke cin raina a hanya shi ne na bi komai. Ba ƙa'idar da na tsallake. To ina kuskuren yake?

Gwaggo ta tafi barka a unguwa. Na ɗauko ɗaya daga cikin kasake ukun da suka rage, na naɗe shi daidai yadda na naɗe sauran, na sa a kwali. Zan fita tsakar gida ke nan sai idona ya sauka a kan zaure, wuri ɗaya tak a gidan da Yaya ya sa aka yi wa siminti saboda babur ɗinsa. Na tsaya. Na gane tun kafin in gwada. Na shiga zauren, na ɗaga kwalin iya tsayin nan, na sake shi. Sau ɗaya. Ƙarar da na ji ba ta buƙatar a buɗe a duba. Na durƙusa a wurin, a nan ne kukan ya zo.

Haka Gwaggo ta shigo ta same ni. Ta dubi kwalin, ta dube ni, ta ce in taso mu shiga ciki. Ta zauna a tabarma, na nuna mata hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a kan na murfin nan, har ta kai yatsa ta shafa fuskar wayar.

"Nawa kwalin fa?"

"Duk sun isa lafiya, Gwaggo. Amma sun ƙi karɓa saboda ƙaiƙayin."

"Amma sun isa."

"Sun isa."

Ta gyaɗa kai. Sannan na faɗa mata maganar rairayi, ina yi ina sheshsheƙa, na ce ni na kashe mata aiki, gwajin da na yi ba gwaji ba ne. Ina jira ta yi faɗa, wallahi da ta yi da na samu sauƙi. Sai ta ce da ni a hankali, "Ai na gani tun ranar. Na ga kina jefa shi a kan rairayin da na zuba don kada su fashe. Na so in ce ki je zaure. Sai na ga kina dubawa a littafi kina rubutawa, na ce wataƙila takardar ce ta ce a yi a kan taushi. Ni da ban yi boko ba, me zan ce wa takarda?"

Wannan maganar ta fi hotunan ciwo. Ita ta san tukunya shekara hamsin, ta yi shiru don kunyar littafina. Ni na san dokar sito, na yi shiru don kunyar furfurarta. Kowannenmu yana riƙe da rabin abin da zai ceci kayan, muna gida ɗaya, muna cin tuwo a kwano ɗaya, kuma rabin bai haɗu da rabin ba.

Da Yaya ya ji labari bai yi mini tsiya ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya dai ce, "Allah Ya mayar da alheri, ƙanwata." Ranar ce ta farko da bai ce mini Farfesa ba, kuma da ya ce ɗin da ya fi mini. Na roƙe shi ya ƙara mana lokaci, na ce yanzu na gane, zan nemo kwalin da ya dace, in cika gefen da takarda, in gwada a siminti. Ya ce shi bai ƙi ba, a tambayi Inna. Gwaggo ce ta ƙi. Ta ce magana ta riga ta fita daga bakinta a gaban ɗanta, ba za ta lashe ta ba. Kuma hadari ya fara haɗuwa, yumɓu ba zai bushe ba, ƙarfin da ta zuba a saba'in ɗin nan kuwa ba ta da wani irinsa a ajiye.

Ruwa na biyu da aka yi, aka sauke bulo a bayan gida. Daga ɗakina ina jin magina suna haƙa, suna tono baƙar tokar da ta taru tun zamanin kakarta. Gwaggo ba ta leƙa ba ko sau ɗaya. Shagon ya zama na cajin waya.

Na ce a zubar da huɗun, a dawo da na biyar. Ya iso bayan mako shida, kwalin ya sha ruwa, gefensa ya lotse, an manna masa wata jar takarda. Gwaggo ta yanke salatif da wuƙar girki, ta tura hannu cikin ƙaiƙayi ta riƙa zaro su. Kowanne ta hure shi, ta ƙwanƙwasa da farce, ta kai kunne. Goma sha biyu, duk muryarsu siririya. Sun je Legas sun dawo. Ba ta sayar da ko ɗaya ba. Duk yarinyar da aka aurar a unguwa sai ta aika mata da ɗaya, har saura guda, ta ce wannan nawa ne.

Ta rayu shekara huɗu bayan haka. Tarin ya ragu, gaskiyar Yaya, amma ta zama mai yawan zama. Sau da yawa ina ganin hannayenta a kan cinya, babban yatsa yana zagaye tafin ɗayan, kamar tana gyara bakin wani abu da ba ya nan. Ba ta sake sa an kawo sabon rairayi ba. Tsohon ya daddaɓe da sawu da ruwan sama har ya yi tauri. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba har ta rasu, kuma wannan shirun nata ban gama ɗaukarsa ba har yau.

Kaskon yana ɗakina, ba na sa masa garwashi. Abin da ya koya mini ba wai takarda ƙarya ce ba, ba kuma wai tsofaffi ba sa kuskure ba, domin ƙaiƙayin ma ya jawo nasa. Na koyi cewa wanda ya rubuta ƙa'ida bai san tsakar gidanka ba, kai za ka duba inda kake tsaye. Na kuma koyi cewa akwai kunyar da ba tarbiyya ba ce, asara ce. Yanzu idan na ga ɗaliba a bayan aji ta buɗe baki ta mayar ta rufe, ba na wucewa. Nakan ajiye alli in je har inda take in ce, "Faɗi abin da kika gani." Da wani ya ce wa Gwaggo haka ranar da nake jefa kwali a kan rairayi, ko ya ce mini ranar da na ga ƙaiƙayi a ƙasa, da wataƙila har yau akwai hayaƙi a bayan gidanmu.